Hinjin ɓoye na kabat: kwastoma ta ce a cire mata, me zan gaya mata?

Sabon Kafinta:
Assalamu alaikum manya. Wata takwas da suka wuce na haɗa wa wata hajiya kabat ɗin kicin, ƙofa goma sha biyu, duk da hinjin nan na ɓoye mai shiga ramin milimita 35. Jiya ta kira ni rai a ɓace. Ƙofa biyu sun karkace suna gogar juna, ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuwa saura ƙiris ta fice. Ta ce in mayar mata da irin hinjin da ake gani a waje, wai na gidan iyayenta bai taɓa motsi ba. Bakina ya mutu. Hinjin ne ba shi da ƙarko, ko ni na yi kuskure?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Biyun da suka karkace ba lalacewa suka yi ba, saiti suke nema. Hinjin yana da wurin gyara uku: hagu da dama, ciki da waje, sama da ƙasa. Aikin minti biyar ne da sukundireba.

Ta wurin wanke-wanken ce abin dubawa, kuma na san katakon dusa ka sa, wanda ake matsewa daga garin katako da gam. In ya sha danshi sai ya kumbura, sukurun ya rasa abin kamawa. Ko hinjin manyan kamfanoni irin Blum ko Hettich ka ɗaura a kan ruɓaɓɓen katako, ficewa zai yi. Kabat ɗin iyayenta kuwa na tabbata katako ne na gaske, shi ya riƙe.

Sabon Kafinta:
Haka ne maigida, na dusa ne. In cike ramin sukurun da gam in mayar?

Tsohon Hannu:
A'a, ka fara duba bututun ko yana yoyo. In jikin bai ruɓe sosai ba, akwai farantin ƙarfe na gyara da ake ɗaurawa, sukurorinsa su kama sabon wuri. In ya ruɓe, canza gefen gaba ɗaya, ka sa hinjin da ba ya tsatsa. Sannan ka ƙirga: ƙofar da tsawonta ya wuce santimita 90 hinji uku take so, ba biyu ba. Yara da yawa nan suke tsumulmula.

Mai Kicin:
Ni ba kafinta ba ce, amma an yi mini irin wannan. Abin da ya ƙona mini rai ba karkacewar ba ce, cewa da kafintan ya yi yarana ne ke lilo da ƙofar tun kafin ya zo ya gani. Malam, kada ka yi musu da ita a waya. Ka je, ka gyara a gabanta, ka nuna mata sukurun da ake juyawa.

Sabon Kafinta:
Na gode. Gobe da safe zan je, zan riƙe hinjin waje guda biyu, in ta dage sai in sa mata a wannan ƙofar kaɗai.