Bautar ƙasa nesa da gida: wanda aka dawo da shi ya cuci kansa?

Abba: Assalamu alaikum 'yan gida. Alhamdu lillahi na iso Kano jiya da daddare, takardar kammala bautar ƙasa tana hannuna. Na gode da addu'o'inku. Tun a mota nake juya shekarar nan a raina, daga ranar da na buɗe takardar kira na ga Kuros Riba, gabana ya yanke ya faɗi. Na tuna tafiyar farko: Lafiya, Makurɗi, Gboko, Katsina-Ala, Ogoja, Ikom, sannan Obubra inda sansanin yake. Na baro hunturu yana shirin kankama a gida, na tarar da daji kore shar, gonakin koko da kwakwar manja iya ganinka. Mako uku a sansani, daga nan aka tura ni koyar da lissafi a wata sakandare kusa da Ugep. Akwai maganar da nake so in faɗa, musamman tunda Auta yana jiran tasa takardar. Duk wanda aka tura nesa, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa aka dawo da shi gida ba tare da wata lalura ba, wallahi ya cuci kansa.

Gwaggo: Barka da dawowa ɗana, Allah ya sa albarka a takardar. Amma wannan magana taka ka ajiye ta tukuna. Kai ka yi tafiya, mu muka yi rashin barci.

Yaya Babba: Sannu da hanya Abba. Ni ne mutumin da kake magana a kai, don haka bari in amsa. An tura ni kudu maso gabas, na yi mako ukun sansani, na nemi canji aka dawo da ni Kaduna, kuma har yau ban yi nadama ba. Ka dawo lafiya shi ya sa kake ganin abin da daɗi. Ka tambayi iyayen masu bautar ƙasar da aka kashe a jihar Bauchi bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, su ma nesa aka tura 'ya'yansu. Ka tambayi iyayen yara takwas 'yan Akwa Ibom da aka sace a hanyar Zamfara a Agustan 2023, suna kan hanyar zuwa sansanin Sakkwato, ko kakin ba su karɓa ba. Ban kawo misalin 'yan kudu don komai ba sai don ka ga tsoron ba na ɓangare ɗaya ba ne. Uwa a Uyo da uwa a Kano fargabarsu ɗaya.

Abba: Yaya, ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma hanyar Kaduna zuwa Abuja da ka riƙa bi a shekarar taka fa? Ita ma ai ba a kwana da ido biyu rufe a kanta a lokacin. Hatsarin yana ko'ina. Abin da ba ya ko'ina shi ne abin da na samo.

Yaya Babba: To me ka samo wanda ba a samu a Kaduna?

Abba: Bari in ba ka abu ɗaya. Matar da na kama haya a gidanta dattijuwa ce, Kirista, kowa Mama yake ce mata. Ana saura kwana biyu a kama azumi ta je kasuwa ta dawo da sabuwar tukunya da sabon ludayi. Ta ce wannan naka ne kai kaɗai, don ta ji an ce akwai naman da ba ma ci, ba ta so ta dafa min a tukunyar da aka taɓa dafa shi. Ban roƙe ta ba, ban ma san ta san azumi ya zo ba. Ƙarfe huɗu na asuba sai in ji tana hura wuta a bayan ɗakina. Ta dafa doya, ta ɗumama miyar afang da busasshen kifi, ta ƙwanƙwasa taga ta ce Malam taso. Haka ta yi har azumi ya ƙare, matar da gwiwa take damunta. Ranar farko na kasa cin abincin sai da na share hawaye. Ni da na taso ina jin cewa mutanen can ba sa ƙaunarmu. Yaya, wa zai ba ni wannan labarin in yarda da ban gani da idona ba?

Gwaggo: Allah ya saka mata da alheri, kuma na san wannan labari, don har gaisawa muka yi da ita a waya. Amma ka ba su ragowar labarin azumin. A cikin wannan azumin ne, ana saura 'yan kwanaki Sallah, aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo, suna dawowa daga Fatakwal, aka kashe mutum 16. Kai kuma ka riga ka ce mana za ka taho Sallah. Daren nan na kira wayarka ta fi sau goma ba ta shiga. Ina zaune a kan sallaya har aka kira assalatu. Da na same ka me na ce maka?

Abba: Kin ce kar in kuskura in hau hanya. Kuma ban hau ba Gwaggo, a Kalaba na yi Idi, a unguwar Bogobiri, cikin Hausawa da aka haifi kakanninsu a can. Ban manta ba. Kuma a ranar da abin ya faru, shugaban makarantarmu da kansa ya zo gida ya ce kar in fita ko'ina ni kaɗai, ya ce in wani ya yi min kallon banza in gaya masa. Duka biyun gaskiya ne, a ƙasa ɗaya, a mako ɗaya.

Ummi: Ni kalmar "ya cuci kansa" ce ta tsaya min a wuya. Yaya Abba, kai namiji ne, ka ɗauki jaka ka hau mota, duk inda dare ya yi maka ka kwana a masallaci ko tasha. Ni aka tura ni Bayelsa ina da auren wata biyar, dokar hukumar bautar ƙasa da kanta ta ba matar aure damar a mayar da ita inda mijinta yake, kamar yadda ta ba mara lafiya. Na san za ka ce ai ka ce "ba tare da lalura ba". To 'yan matan da ba su da aure fa, waɗanda iyayensu ba za su iya sakin su garin da ba su san kowa ba? Su ma sun cuci kansu?

Kuma wa ya ce sai an tsallaka Kwara ake ganin sabon abu? Da aka dawo da ni, an tura ni wani ƙauye a kudancin Kano, wurin da ban taɓa jin sunansa ba ni da aka haifa a cikin birni. A asibitin garin na ga mace ta zo haihuwa a bayan babur bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Ban san akwai wannan a jiharmu ba. Ɗakinmu ɗaya da wata 'yar Ekiti da aka kawo daga sansanin Karaye, ba ta jin ko "zo". Ni na zame mata baki da kunne a kasuwa, na koya mata dambu da kunun gyaɗa, ita ta koya min yadda ake kaɗa amala ba gudaji. Ranar da za ta tafi mahaifiyarta ta kira ni tana ta godiya da Yarbanci, ban gane ko kalma ɗaya ba amma na gane komai. Da duk mun tafi kudu, wa zai zame wa irinta Mama?

Abba: Wannan ta ƙarshen ta shige ni Ummi. Ban taɓa duba ta wannan fuskar ba.

Baffa: Na karanta duka. Abba, barka da zuwa. Ku ba ni dama in yi tsawo kaɗan.

Janar Yakubu Gowon ya kafa wannan tsari da doka mai lamba 24 a ranar 22 ga Mayu 1973, shekara uku da 'yan watanni bayan an gama yaƙin basasa a Janairun 1970. Manufar ba koyarwa a sakandare ba ce, wannan daga baya ne. Manufar ita ce ɗan Kano ya kwana a gidan Ibo, ɗan Ibo ya sha ruwan randar Bahaushe, don gobe in an ce masa waɗancan dodanni ne ya ce a'a, na zauna da su. Idan kowa ya koma jiharsa, to an bar kaki da fareti an zubar da dalilin. A nan ina tare da Abba.

Ni a 1987 na yi tawa, a tsohuwar jihar Oyo kafin a cire Osun daga cikinta a 1991. Jirgin ƙasa na hau daga Kano, ta Kaduna, Minna, Jebba, Ilori, mahaifinmu ya raka ni tasha ya ba ni dambun nama a ƙullin leda da Alƙur'ani ƙarami. Babu waya. Wasiƙa ɗaya nake aikowa a wata. Kuma ba wanda ya rasa barci a gidanmu, domin a wancan lokaci abin da ake tsoro a hanya shi ne hatsarin mota. Wannan shi ne inda nake tare da Babba da Gwaggonku. Gwamnatin da ta ce in ba ta ɗana ta kai shi inda ta ga dama, wajibinta ne ta tsare hanyar da zai bi. Ta riƙe rabin alkawarin ta saki rabi. Saboda haka ba zan ce wa uban da ya nemi a dawo da ɗansa ya yi laifi ba. Amma zan ce an yi wa yaron asara, ko da ba shi ya jawo ta ba.

Yaya Babba: Allah ya ƙara girma Baffa. Na karɓi gyaran, asara daban cutar kai daban. Amma akwai abin da ba a faɗa ba, wato kuɗi. A lokacina alawus 19,800 ne. Da shi za ka biya haya, ka ci, ka yi kuɗin mota daga wata uwa duniya in an yi rasuwa a gida. A Kaduna ina kwana gidan ɗan'uwa, na tara abin da na fara sana'a da shi, kuma inda na yi hidimar nan suka riƙe ni aiki. Abokan tafiyata da suka zauna can sun dawo da hotuna.

Abba: Na yarda kuɗin ba ya isa. Da 33,000 na fara, sai a watan Maris na 2025 aka fara biyan 77,000, kuma kafin ya zo tsadar kaya ta riga ta cinye shi. Ban tara komai ba. Amma ba hotuna kaɗai na dawo da su ba. Abokina ɗan Ebonyi da muka haɗu a layin karɓar katifa ranar farko, shi ya yi jinyata kwana huɗu da zazzaɓi ya kwantar da ni, yana dafa ruwan zafi a risho yana goga min tsumma. Tare muka je bikin sabuwar doya na Leboku a Ugep cikin Agusta, ni kuma na yi masa alkawarin hawan Daushe.

Yaya Babba: Nan ne zan ce maka ka jira shekara biyu. Zauren da muka buɗe na 'yan rukuninmu, wata uku bayan sallama ya mutu murus. Abotar bautar ƙasa abotar tasha ce, mota na tashi kowa ya kama gabansa.

Baffa: A'a Babba, nan kam ka yi kuskure. Mutumin nan mai hular Yarbawa da ya zauna kusa da ni ranar ɗaurin auren Ummi, wanda kuka yi ta kai wa abinci kuna ce masa Baba, a ina kake zaton na samo shi? Benci ɗaya muka zauna a ɗakin malamai a 1987. Shekaru muna musayar wasiƙa ta akwatin gidan waya. Da mahaifinmu ya rasu, mota ya hau daga Ibadan ya zo gaisuwa, ya kwana uku a zauren nan. Mutum ɗari ba za su ɗore ba, gaskiyarka. Ɗaya ake nema, kuma shi ma sai an riƙa neman sa.

Ummi: Ni ma 'yar Ekitin nan har yau muna waya, ta sa wa 'yarta sunana a matsayin suna na biyu. Amma Baffa ka lura, a Kano na same ta.

Auta: Ni dai da ake ta magana a kaina ba a tambaye ni ba. Ban taɓa wuce Abuja ba a rayuwata. In aka tura ni nesa ina so in je. Gwaggo, don Allah kar a kira kowa a gyara min takarda.

Gwaggo: Wannan maganar ni da mahaifinka ce, kuma ya danganta da jihar da ta fito. Akwai inda ko da kuka ba za ka je ba.

Abba: Ummi, na janye "ya cuci kansa" a kanki da irinki, ki yafe ni. Yaya Babba, kai ma kana da hujjarka. Amma a kan Auta ina nan a kan bakata. In Kuros Riba ta fito masa, ɗakina yana nan, Mama ta ce ba za ta ba kowa haya ba sai ta ji daga gare ni, tukunyar ma ta wanke ta kife.

Gwaggo: In har ta fito kuma mahaifinsa ya amince, to da sharaɗi. Ba tafiyar dare, ita kanta hukumar tana gargaɗi a kan haka. Ya kwana a Makurɗi, gari ya waye ya ci gaba. Kuma Abba kai za ka raka shi har ƙofar sansanin, ka kai wa matar nan turmin atamfa da kilishi daga gare ni.