Wufa tana shanye mini wutar mota

Salamu alaikum 'yan uwa, masana wutar mota ku taimaka. Na ɗaura amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai wat 1000 da wufa (babbar sifika mai fitar da sauti mai kauri) ɗaya a but ɗin Corolla ta. Da bas ɗin kiɗa ya buga sai fitilun gaba su dushe, mita ta sauko daga bolt 14 zuwa 11 da ɗoriya, wani lokacin amfilifayar ta ɗauke gaba ɗaya, musamman a go-sulo da AC a kunne.

Batir sabo ne. Mai rewaya ya ce in ƙara kafasita, amma ban gamsu ba, tunda kafasita ajiyar wuta take yi, ba ta samar da ita. Altaneta (na'urar da ke cajin batir) mai ƙarfi zan saka, ko batir na biyu? Ko wayar ce ta yi siriri, har da ta at (wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota)?