Hajiyarmu ta tafi Umara ta ƙi dawowa, ina mafita?

'Yar Autar Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka zauna a Saudiyya. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 74. Mun haɗa kuɗi mun biya mata Umara a azumin 2023. Ranar da ayarinsu zai taso daga Madina aka neme ta aka rasa, ashe ta sulale gidan 'yar ƙanwarta da ke aure a can. Da muka same ta a waya cewa ta yi ta zo ke nan, a Baƙi'a take so a binne ta, kada wanda ya sake tayar mata da zancen gida.

Mun yi shiru, don uwa ce. To yanzu ciwon suga ya taso mata, ƙafa ta fara kumbura. Asibiti kuma ana tambayar takardu, sai dai a sayo magani a kemis. Fasfonta yana hannun ejan ɗin da ya kai su, shi kuwa tun da ya gama zage mu ya daina ɗaga wayarmu. Yayanmu ya dage wai ba a kama tsofaffi, ko an kama sakinsu ake yi. Gaskiya ne? In ta miƙa kanta ɗaure ta za a yi? Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Tsohon Direban Jidda:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Na yi shekara 16 a can, don haka ki gaya wa Yayanku ya bar wannan magana. Doka ba ta ware mai furfura ba. Askar, wato ɗan sandansu, zai iya kawar da kai in ya ga tsohuwa a bakin Harami, wannan tausayinsa ne shi kaɗai, na gaba da shi bai zama dole ya yi haka ba. Tun ranar da ta sauka a filin jirgi aka ɗauki basma, wato zanen yatsunta, kuma kwamfutar Jawazat, wato hukumar shige da ficensu, ta san ta shiga ba ta fita ba. Bizar Umara kwana 90 ce. Abin da Ma'aikatar Cikin Gida ta Saudiyya ta sanar a 2025 shi ne wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya fuskantar tara har Riyal 50,000, da ɗaurin da bai wuce wata shida ba, sannan a mayar da shi ƙasarsu. Ki lura da kalmar "har", iyakar hukuncin ke nan, ba kowa ake yi wa duka ba.

Amma ni ba Hajiya na fi ji ba, masu masaukinta na fi ji. Mai ɓoye wanda ya karya dokar zama tararsa tana kaiwa Riyal 100,000, ga ɗauri, in kuma baƙo ne a kore shi. Mijin 'yar'uwarku da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, yake ci da iyalinsa. Rana ɗaya za a ƙwanƙwasa ƙofa, abincin gida guda ya zube. Ejan ɗin ma ba don Allah ya tsane ku ba: kamfanin da bai kai rahoton wanda ya maƙale ba shi ma tara ake cin sa.

Maman Yara:
Ni dai ina ganin ku ƙyale baiwar Allah. Tsofaffi nawa ne a Shara Mansur ta Makka da suka fi shekara 30 ba takarda, har jikoki sun yi? Kakata a Makka ta rasu, Takari ce, ba wanda ya taɓa ta. Mutum ya zaɓi maƙwabtaka da Manzon Allah (SAW) ku ce sai kun jawo shi? Ku dinga tura mata kuɗin magani kawai.

Tsohon Direban Jidda:
Maman Yara, Saudiyyar kakarki daban, ta yau daban. A da mutum zai shige unguwa ya ɓace. Yanzu ina unguwannin? A 2022 ina kallo aka rushe Karantina da Gulel da Sabil a Jidda, inda mutanenmu suka yi shekara da shekaru. Layin waya sai da basma, hayar ɗaki sai da takarda. Duk mako sai hukuma ta fitar da adadin waɗanda aka kama, kuma sau tari ya haura dubu goma. Wanda aka kama a yankin Makka da Jidda Shumaisi ake kai shi, gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu da ke tsakanin garuruwan biyu. Na taɓa kai wa wani abokina kaya a can. Matashi ma yana fitowa a rame, balle mai suga da ke buƙatar magani a kan lokaci.

Ɗan Damagaram:
Mu irin wannan ta same mu da baffana, sai dai shi rasuwa ya yi. 'Yar'uwa, abin da ba a gaya wa tsofaffin nan shi ne, binnewar ma sai da takarda. Gawarsa ta yi kwanaki a ɗakin ajiye gawa ana neman wanda zai tabbatar da ko shi wane ne, waɗanda suka zauna da shi kuwa kowa ya gudu don tsoron kamu. Sai da ƙaramin ofishin jakadancinmu ya shiga maganar. Ba na so in tayar miki da hankali, amma ki faɗa wa Hajiya wannan. Wanda ya je don kyakkyawan ƙarshe bai kamata ya kwana a firiji ba.

Maman Yara:
Innalillahi. To ba za a jira afuwa ba? Na ji ana yi.

Ma'aikaciyar Jinya a Riyad:
An yi a 2013, an kuma yi a 2017, wadda aka fara ƙarshen watan Maris aka ba da kwana 90 sannan aka ƙara wa'adi. Mutane da yawa sun fita ba tara. Amma ƙafar mai suga ba ta jiran sanarwar gwamnati. In miki ya buɗe, cikin makonni kaɗan ana iya kaiwa ga yankewa. Yau ɗin nan ki sa 'yar'uwarku ta duba tsakanin yatsun Hajiya da tafin ƙafar. In akwai rauni, ko wari, ko wurin ya yi baƙi, ko zazzaɓi, a kai ta sashen gaggawa ko da takarda ko babu. Rai ya fi biza.

Batun fita kuwa, ga yadda na ga ana yi. Wani mai iƙama ya je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda da duk abin da ke nuna ita 'yar ƙasa ce: hoton fasfon in kuna da shi a waya, lambar NIN, hoton bizar. Su ne ke ba da takardar tafiya ta gaggawa a madadin fasfo. Daga nan sai Jawazat, don su ke da ikon ba da izinin fita. A tafi da rahoton likita da ke nuna shekarunta da ciwonta, kuma ku tanadi kuɗin tikiti da na tara tun yanzu. Wanda ya kawo kansa da takardar asibiti a hannu ba ɗaya yake da wanda aka ɗauko a motar kame ba. Ku kuma sa a ranku cewa za a iya hana ta sake shiga na wasu shekaru. Kada ku yi mata alƙawarin Umarar baɗi.

Sannan duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi zai "goge basma", ɓarawo ne.

Malamin Islamiyya:
'Yata, duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ba a taɓo inda gizo ke saƙar ba. Takarda ba ta da wuya kamar zuciyar Hajiya. Hadisin da take riƙe da shi yana nan, Tirmizi ya ruwaito kwaɗaitarwa a kan mutuwa a Madina ga wanda ya samu iko, don haka kada ku ce mata ƙarya ne, za ta daina sauraron ku. Ku tsaya a kan "ga wanda ya samu iko". Ta shiga ƙasar ne da alƙawarin za ta fita, Musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa. Zamanta kuma yana iya jawo wa masu masaukinta kora. Ƙarshen Suratu Luƙman ya gaya mana rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Mutum nawa suka yi shekara 40 a Madina ajali ya kira su Kano?

Kuma kada ke auta ki faɗa mata, ba za ta ji daga bakinki ba. Ku nemo wanda take jin nauyinsa, wanta ko malamin da ta yi karatu a gabansa. Kada a yi mata dabara a ce za a kai ta ziyara sai ta ga kanta a filin jirgi. Irin wannan fushin uwa ba ya wucewa da wuri.

'Yar Autar Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na kira Madina da daddare. An duba ƙafar, akwai ɗan miki a ƙarƙashin babban yatsa, ita Hajiya ba ta ma san da shi ba don ba ta jin zafi. Da safe za a kai ta a duba. Ashe mijin 'yar'uwar tamu ya daɗe cikin fargaba, kunya ce ta hana shi magana. Na samo hoton fasfon a tsohuwar wayata. Kawu, wanta da ke Gwarzo, ya ce zai kira ta bayan sallar Juma'a, amma ya gargaɗe ni cewa tun suna yara bai taɓa cin ta a gardama ba. Yayanmu dai har yanzu yana kan bakansa. Anti mai jinya, don Allah rahoton likitan da Larabci za a rubuta, ko na Turanci ma ya isa?