Wayata ta ƙi karɓar sabuntawa tun da aka yi mata rut

Assalamu alaikum. Masana waya, don Allah ku agaza min.

Wata 4 ke nan da wani mai gyara a titin Ahmadu Bello ya yi wa Redmi ɗina rut (wato buɗe tsarin wayar don samun cikakken iko a kansa) da manhajar Magisk, ya kuma sa mata TWRP, wata manhajar farfaɗo da waya da ke maye gurbin ta kamfani. Yanzu sabuntawa ta zo. Takan sauko lafiya, har sau biyu tana cinye min data, amma da wayar ta sake kunna kanta sai ta faɗa TWRP ta maƙale. Na nemi Magisk ya mayar da fayil ɗin boot na asali (wanda ke tayar da wayar), ya ce babu kwafinsa. Mai gyaran kuwa, jiya na tarar da shagonsa a garƙame.

Dole sai an yi mata filashin? Tsorona hotunan bikin ƙanwata, ban kwafe su ba.