Yumɓun lofe: wace kalma za ta maye mana "provenance"?

'Yan'uwa masu fassara, a taimaka mu tsayar da magana ɗaya kan wannan kalma ta Turanci, "provenance". Masu binciken kayan tarihi kan kawo ta a zancen lofen taba na farin yumɓu, irin wanda aka fara ginawa a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 16, ya bazu zuwa Holan da Amurka. Gutsattsarinsa ake tonowa a tsofaffin garuruwa, a kai ɗakin gwaji don a san ramin da yumɓun ya fito.

Abin da ke fara zuwa baki shi ne "asali". Ni dai bai kwanta mini ba. Dubi garin Gouda na Holan, wanda ya yi suna a ginin lofe har maginansa suka kafa ƙungiya a 1660. Ƙasarsu ba ta da farin yumɓun. A jirgin ruwa ake kawo musu shi, daga Ingila, daga yankin Westerwald na Jamus, daga bakin kogin Maas. Maginan Landan ma da yumɓun yankin Dorset na Ingila suka dogara sosai, wanda ake lodawa a tashar Poole. To idan ka ce asalin wannan lofe, hannun da ya gina kake nufi ko ramin da aka haƙa? Mai karatu zai ɗauka Gouda ne, alhali mai binciken wani wuri yake nema. "Tushe" ma matsalarsa ke nan.

"Salsala" kalma ce mai kyau, amma a bar ta wa gidajen tarihi, inda ake lissafa hannuwan da kaya ya bi kafin ya iso. Wannan ma ɗaya ce daga ma'anonin "provenance".

Mu kalli aikin kansa. Akan fere ɗan gutsure har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske ya ratsa shi, a ƙirga ƙwayoyin yashin da ke ciki da madubin likita. Ko a haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a auna ƙarfe da sauran sinadarai, a gwada da yumɓun ramukan da aka sani. Ƙarancin ƙarfe ne ke sa lofe ya fito fari tas bayan gashi. Shi ya sa na Bajiniya da Merilan a Amurka, da aka gina da ƙasar wurin mai yawan ƙarfe a ƙarni na 17, suka fito ja ko ruwan ƙasa.

Wannan bin sawu ne, kuma inda sawun ya tsaya muna da sunansa: mahaƙa, kamar yadda muke cewa mahaƙar ma'adinai. Shawarata ita ce a kira aikin "bin sawun yumɓu", a kira abin da aka gano "mahaƙa". Sai mu rubuta: ginin Gouda ne, mahaƙarsa Westerwald.

Don Allah kada a sa "farar ƙasa" a nan, hankali zai tafi ga shafen bango. Farin yumɓu ya wadatar. Wanda ke kusa da magina tukwane ya tambayo mana sunan da suke ba ramin da suke ɗiba; in nasu ya fi zama daidai, shi za mu ɗauka.