Gamba bayan gobara: a ina ta dawo, a ina ta ɓace?

Mai kiwo, Dakoro: Salamu alaikum 'yan uwa. Wuta ta ci wani yankin kiwonmu a bazarar bara. Da damina ta sauka, sai karangiya ta rufe wurin, gamba kuwa sai ɗaiɗaiku. Wanda ya ga irin haka a wajensu ya faɗa mana.

Baffa, Bermo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tona gindin ɗaya ka duba. Gamba a saiwarta take rayuwa, ganyen sama ko ya ƙone ba komai. In ka ɓantari gindin ka ga cikinsa fari da ɗanshi, tana nan da rai. In ya marmashe a hannunka ya bar maka baƙi, ta tafi. Wutar kaka, ƙasa da sauran sanyinta, lasar sama kawai take yi, kafin mako biyu ka ga toho. Ta bazara ce ke shiga har gindi.

Manomi, Maigatari: Baffa ya yi gaskiya, amma mu a nan shanu ne suka ƙarasa ta. Toho na fitowa aka sako su. Su cinye, ta sake fitowa, su sake cinyewa, har abincin da saiwar ta tara ya ƙare. Gambar da na shuka a iyakar gonata ta sha wuta ita ma, ga ta nan ta fi tsayina, don ba a kiwo a wurin sai bayan girbi.

Baffa, Bermo: Haka ne. Mu dama tun farin 1984, shekarar El Buhari, ba ta koma yadda take ba.

Hajiya, Tasawa: Ku ƙara da masu zana. Wasu ba sa yanka da lauje, da fartanya suke tumɓuke ta don su samu tsawo. Ramin da suka bari karangiya ke samu. Ita ko iri take zubarwa, ta maƙale a gashin tumaki su kai mata ko'ina. Inda dabbobi suka yi yawa, karangiyar ma ba ta samun wuri, ciyawar garmani ce ke cinye burtalin, shi kuwa garmani dabba ba ta damu da shi ba.

Mai kiwo, Dakoro: Na gode. Baffa, gindin da na samu da rai, zan iya raba shi in dasa?

Baffa, Bermo: Ƙwarai, amma jira ruwa ya zauna, wajen Yuli. Ka tsare shi damina biyu kafin bakin saniya ya taɓa shi.