Laitawus: me za mu kira shi da Hausa?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Makon jiya na je Axim, wani gari a bakin teku a nan Ghana, masunta suka tsallakar da ni a kwalekwale zuwa tsibirin Bobowasi, na ɗauko hoton dogon ginin nan mai fitila da ke yi wa jiragen ruwa jagora da dare. Igiyar ruwa ta jiƙa min jaka, gishiri ya dusashe gilashin kyamara, hoto uku kawai suka fito yadda nake so. Ran Asabar za mu kafe su a Islamiyyarmu tare da hoton irinsa da ke unguwar Jamestown a Accra, da bayani a ƙasa. Mai buga takarda ya ba ni zuwa Juma'a. Me zan rubuta?

Hajiyar Sabon Zango: Ɗana, rubuta laitawus. Tun ina yarinya haka muke cewa in za mu sayen kifi a Jamestown.

Kawu na Kumasi: Hasumiyan fitila. Duk wanda ya ga na Jamestown, mita 28, zanen ja da fari, ya san hasumiya ya gani.

Malamin Larabci: Kawu, hasumiya ta masallaci ce, wurin ladan. Kalmar ita ce manara, tushenta ɗaya da nuru. Da ita Larabawa suka kira ta Iskandariya da ke tsibirin Faros, wadda girgizar ƙasa ta rushe, Sarki Ƙaitbai ya gina ganuwarsa a gurbinta. Shekara biyu ina koya wa ɗalibaina manara. Kuma hasumiya mace ce: hasumiyar, ba hasumiyan ba.

Kawu na Kumasi: Malam, a Zangon Kumasi aka haife ni, haka ubana ya faɗa, haka nake faɗa. Sai an je Kano za a iya Hausa?

Hajiyar Sabon Zango: Abin da ke ci min rai ke nan. Kakanninmu sun kawo shanu, sun kai goro arewa da wannan bakin, yau a ce mana Gananci, Hausarmu ta Ghana, ba Hausa ba ne.

Malamin Larabci: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ban raina kowa ba. Rubutu ne yara za su kwafa.

Baƙo daga Katsina: Hasumiyar Gobarau ta garinmu an yi kiran salla a kanta, an kuma hau ta ana hangen mahara. Kalmar ba ta tsaya a masallaci ba.

Malamin Larabci: Amma babu haske a cikinta.

Ɗan Nima: Shi ya sa aka ƙara fitila, Malam. Na gwada manara a kan yara shida ɗazu, babu wanda ya gane. Zan sa "hasumiyar fitila" da manyan baƙaƙe, laitawus a cikin bayani, tare da 1871, shekarar da aka gina ta farko a Jamestown.

Kawu na Kumasi: Ka rubuta da r ɗin, ni da n zan karanta.

Malamin Larabci: Ban gamsu ba. Ko da ƙananan baƙaƙe ne, ka sa manara a ƙarƙashin hoton tsibirin.

Ɗan Nima: To, turo min rubutunta da Larabci kafin azahar gobe.